Guba Ba Ta Maganin Haukan Kare: Martani Ga Mai Neman A Ƙarar Da Karnukan Fadikpe

Na karanta rubutun da wani ɗan'uwanmu marubuci ya fitar kwanakin baya a kan karnukan da ke yawo a unguwannin Minna, inda ya fi nuna yatsa ga Fadikpe. Abin da ya tayar masa da hankali shi ne ganin wasu magidanta sun fara tsintar 'yan kwikwiyo a bola da bakin kwalbati suna kai su gida, suna yi musu allura, suna ciyar da su. Hujjojinsa uku ne. Ya ce wannan kwaikwayon Turawa ne da aka kwaso daga finafinai. Ya ce addini bai yarda ba, tunda kare najasa ne. Sannan ya ce mafita guda ce: a barbaɗa guba a nama a watsa a juji, a wayi gari an huta, yara su tafi makaranta ba fargabar cizo. Malam, tunda a bainar jama'a ka yi maganarka, a nan zan amsa maka, kuma cikin girmamawa.

Bari in fara da inda bakinmu ya zo ɗaya. Tsoron da kake ji yana da tushe. Ciwon haukan kare yana kashe kimanin mutum 59,000 a duniya kowace shekara, bisa ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ke aiki da shi, kuma kusan dukkansu a Afirka da Asiya suke. Wajen kashi 40 cikin 100 na waɗanda abin ke rutsawa da su yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Kusan duk mutumin da ya kamu, daga kare ya samo. Da zarar alamomin sun bayyana, mutum ya fara firgita da ganin ruwa, to sai dai addu'a, domin da wuya a sami wanda ya tashi. Duk uban da ya ga ɗansa ya dawo daga makarantar allo da jini a ƙwauri ba wanda zai ga laifinsa in ya yi fushi. Sai dai maganin da ka rubuta mana an sha gwada shi a wasu ƙasashe, kuma bai warkar da kowa ba.

A 1997 cutar ta shiga tsibirin Flores na ƙasar Indunusiya. Hukumomin wurin suka yi abin da kake so a yi a Fadikpe, suka dinga kashe karnuka ba ji ba gani, har adadin ya kai dubu ɗaruruwa cikin 'yan shekaru. Cutar ba ta bar tsibirin ba. A 2008 ta ɓulla a tsibirin Bali, nan ma aka fara da guba da harbi. Kafin a ankara ta game tsibirin, mutane na ta mutuwa. Sai da aka koma bin karnuka lungu-lungu ana yi musu allura daga 2010, sannan mace-macen suka yi ƙasa sosai. Waɗannan gwamnatoci ne masu ma'aikata da motoci da kuɗi. In su ba su iya ƙarar da cutar da kisa ba, ban ga yadda matasan unguwa masu ɗauke da ledar fiya-fiya za su iya ba.

Dalilin a fili yake. Abinci ne ke yanke yawan karnukan da unguwa za ta ɗauka. Tun da Minna ta zama babban birnin Jihar Neja a 1976 take ta faɗaɗa, unguwanni irin su Fadikpe, Kpakungu, Barkin Sale da Sauka Kahuta suka cika suka batse, shara kuwa ta fi ƙarfin masu kwasarta. Duk inda aka jibge ragowar tuwo, da hanjin kaji, da ƙasusuwan mai tsire, an shimfiɗa wa kare tabarma. Karya wata biyu kacal take ɗaukar ciki, tana iya haihuwa sau biyu a shekara, kowace haihuwa 'ya'ya biyar, shida ko fiye. In ka kashe rabin karnukan layinku yau, waɗanda suka tsira sun sami ninkin abinci, 'ya'yansu da a da yunwa ke kashewa yanzu za su rayu, na unguwar maƙwabta kuma za su shigo su cike gurbin. Wanda ke kashe karnuka ya bar bola a inda take, tamkar mai kwashe ruwa ne daga ɗakin da rufinsa ke yoyo a tsakiyar damina. Su kuma baƙin karnukan da suka shigo, sai sun yi ta faɗa da juna kafin kowa ya san iyakarsa, faɗan karnuka kuwa shi ne hanyar da cutar ke bi daga wannan zuwa wancan.

Akwai wani abin da rubutunka ya tsallake. Mafi yawan karnukan da muke kira na titi a garuruwan Afirka suna da iyayengiji. Da rana suna kwance a ƙofar gida ko bayan shago, da dare a sake su su nemi abinsu. Guba ba ta tambayar kare ko an yi masa allura. Za ta kashe wanda mai shi ya kai asibitin dabbobi, ta kashe wanda ba a taɓa kaiwa ba. Mai gidan da ya rasa karensa, tunda tsoron ɓarayi da 'yan sara-suka ne ya sa ya ajiye shi, mako ba zai zagayo ba sai ya samo sabon kwikwiyo daga ƙauye, wanda ba a san lafiyarsa ba. Wani kuma da ya ji ana kisa sai ya ɓoye nasa, ko ya loda shi a mota ya kai wani gari, cutar ta bi shi can. Ban da wannan, naman da aka sa wa guba ba kare kaɗai ke cinsa ba. Akwai kyanwa, akwai kajin maƙwabta da agwagi, akwai ungulun da ta riga ta yi ƙaranci a sararin samaniyarmu, akwai kuma yaran da ke tsince-tsince a juji. A Indiya, lokacin da wani maganin shanu ya kusa ƙarar da ungulaye a shekarun 1990, mushe ya yi yawa, karnukan da ke cinsa suka ƙaru. Kashe mai cin mushe ƙara wa kare abinci ne.

To me ke aiki? Likitocin dabbobi sun daɗe da sanin amsar. In aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wani yanki allurar rigakafi, aka kuma maimaita shekara bayan shekara, cutar tana rasa hanyar wucewa, domin mahaukacin kare zai yi ta cizon waɗanda jikinsu ba ya karɓarta har ya mutu shi kaɗai. Ba sai mun je nesa neman misali ba. A Injamena, babban birnin Chadi, gari mai zafi da talauci irin namu, an yi gangamin allurar karnuka kyauta a 2012 da 2013, aka kafa rumfuna a unguwanni, mutane suka riƙa jawo karnukansu da igiya. An wuce kashi 70 ɗin a kowace shekarar, kuma aka shafe watanni ba a ga mahaukacin kare a birnin ba, sai daga baya da cutar ta sake shigowa daga wajen gari. Darasin biyu ne: allura na aiki, kuma ba a yin ta sau ɗaya a naɗe hannu. Ƙasar Meziko ta riƙe wannan hanya shekara da shekaru. A 1990 mutum 60 cutar ta kama ta hanyar kare, a 2006 babu ko ɗaya, a 2019 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da ita a matsayin ƙasa ta farko da ta cika sharuɗɗan kawar da wannan annoba. Har yau akwai karnuka a titunan Meziko.

Mu ma ba kayan aiki muka rasa ba. Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, wadda aka kafa tun 1924, tana sarrafa allurar rigakafin haukan kare. A 2022 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da tsarin kawar da cutar, daidai da burin da hukumomin duniya suka sa na ganin babu mai mutuwa da ita zuwa 2030. Kowace ranar 28 ga Satumba ana tunawa da yaƙi da cutar a faɗin duniya, ranar da Louis Pasteur ya mutu a 1895, mutumin da ya fara ceton wani yaro ɗan shekara tara da allura a 1885. Allurar kare guda kuwa kuɗinta bai kama ƙafar abin da ake kashewa wajen jinyar mutum ɗaya da aka ciza ba. Rigakafi ya fi magani, mu muka faɗa da bakinmu.

A nan ne magidantan da kake yi wa dariya suka shigo. Wanda ya ɗauke kwikwiyo daga bola, ya kai shi aka yi masa allura, ya killace shi a gida, ya rage wa titi baki ɗaya mai cizo, ya kuma ƙara ɗaya a cikin kashi 70 ɗin da ake nema. In ya sa aka yi wa karyar aikin hana haihuwa, ya tare zuri'a guda da za ta cika layin nan da shekara biyu. Kai da shi buri ɗaya gare ku, wato yaro ya je makaranta ya dawo lafiya. Bambancin shi ne hanyarsa tana da shaidar Injamena da Meziko, taka kuwa shaidar Flores take da ita.

Mu zo kan addini, inda ka fi ɗaga murya. Ka ce kare najasa ne, ka faɗe shi kamar babu wata magana bayan wannan. Shafi'iyya da Hambaliyya haka suke gani, kuma ra'ayi ne mai daraja. Hanafiyya suna ganin yawunsa ne najasa. Amma Malam, a ƙasar Hausa da Nufe da Barno mazhabar Imamu Malik muka gada, kuma duk wanda ya zauna gaban malami a zaure ya karanta babin tsarki a Muhtasar na Shehu Halil ya san cewa a wurin Malikiyya duk abu mai rai mai tsarki ne, har da guminsa da yawunsa, kare ma yana ciki. Umarnin wanke ƙwaryar da kare ya yi lallagi a ciki sau bakwai ya tabbata a hadisi, Malikiyya kuma suna aiki da shi a matsayin bautar da aka umarce mu da ita, ba su ɗauke shi hujjar najasa ba. Daga cikin abin da suke kafa hujja da shi akwai aya ta 4 ta Suratul Ma'ida, wadda ta halatta cin abin da horarren kare ya kamo wa mafarauci, alhali da baki yake kamowa. Ba na cewa kowa ya bar kare ya lashi tabarmar sallarsa. Ina cewa mas'alar da manyan malamai suka yi saɓani a kanta ba a mayar da ita takobin yanke wa maƙwabci hukunci.

Gaskiya ne akwai hadisin da ya nuna ladan mai ajiye kare yana raguwa kullum, kuma akwai wanda ya nuna mala'ikun rahama ba sa shiga ɗakin da kare yake. Ban zo in ɓoye su ba. Amma hadisin farko da kansa ya keɓe karen farauta, da na kiwo, da na gona. Malamai sun tattauna karen gadin gida, wasu suka hana, wasu suka yi ƙiyasi a kan waɗancan ukun suka halatta saboda buƙata, kuma Imamu Nawawi ya rinjayar da halaccin. Masu sharhin Risala suna kawo labarin mai littafin da kansa, Ibnu Abi Zaid na Ƙairawan, wanda ya rasu a 996. A cikin Risala ya bi maganar hana ajiye kare a gidajen gari, amma da katangar gidansa ta faɗi a zamanin tsoro sai ya ajiye na gadi. Da aka tuna masa cewa Malik ya ƙi hakan, sai ya amsa da cewa da Malik ya riski zamaninsu, zaki ma zai ajiye. Mutumin Fadikpe da gidansa ba katanga, wanda aka taɓa ɗauke masa babur ko awaki cikin dare, ya fi kowa fahimtar wannan amsa. Kare a tsakar gida ko bakin ƙofa yana gadi daban ne da kare a kan gado, kuma ba na biyun nake kare wa ba.

Sai batun kisa. An taɓa yin umarnin kashe karnuka a Madina, daga baya Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana kisan gama-gari, kamar yadda ya zo a Sahihu Muslim. Abin da malamai suka haɗu a kansa shi ne kashe kare mai cizon mutane da wanda ya haukace, kuma ni ma ina tare da su ɗari bisa ɗari. Amma ko a nan akwai ladabi. Hadisi na 17 cikin Arba'una Hadis, wanda yaranmu ke haddacewa a Islamiyya, ya wajabta kyautatawa hatta wurin kisa da yanka. Duk wanda ya taɓa ganin dabbar da ta ci guba tana shure-shure, tana kumfa, tana jan ciki na tsawon lokaci, ya san babu kyautatawa a ciki. Buhari da Muslim sun ruwaito labarin mutumin da Allah ya gafarta wa don ya shiga rijiya ya ɗebo ruwa da huffinsa ya shayar da kare mai ƙishirwa, da kuma labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare ba ci ba sha. Karen da aka shayar ɗin ba na farauta aka ce ba, ba na kiwo aka ce ba. Kare ne da mutumin ya tarar a hanya.

Wannan ya kawo mu ga zargin kwaikwayon Turawa. Gidan karɓar ɓatattun karnuka na Battersea da ke Landan, wanda ya yi suna a duniya, a 1860 aka kafa shi. Kusan shekara dubu kafin nan, wani malamin Bagadaza, Ibnul Marzuban, wanda ya rasu a 921, ya riga ya wallafa littafi sukutum a kan amanar kare. A Santambul ta zamanin Daular Usmaniyya, mutanen gari ne ke ciyar da karnukan titi, har masu hali na barin wakafi don haka, matafiya daga Turai kuma suna rubuta mamakinsu. Ka san lokacin da aka yi wa karnukan Santambul kisan kiyashi? A 1910 ne, bayan masu son mayar da birnin irin na Turai sun karɓi ragamar mulki. Aka kama dubun dubatarsu aka zuba a jirage, aka jibge su a wani tsibirin dutse da ke Tekun Marmara, ba ruwa ba abinci, har suka ƙare. Ba a jima ba karnuka suka sake cika titunan birnin. Ashe in ana neman wanda ya kwaikwayi Turawa a wannan tarihi, mai kisan ne. A gida kuwa, mafarautan Hausa ba daga fim suka koyi sa wa karnukansu suna da yi musu kirari ba. Bafulatanin ruga da manomin Gbagyi da ke kwana a gona ba su jira wani Bature ya gaya musu amfanin kare ba.

In ma akwai kwaikwayo a Minna, ga inda yake: mutum ya zuba maƙudan kuɗi ya sayo ƙaton karen ƙasar sanyi mai gashi buzu-buzu, ya kulle shi a kejin kwano a zafin Maris da Afrilu, kaska ta cinye shi, ya kuma kasa ciyar da shi naman da jikinsa ke nema. Karen gida, ja ko fari mai siririn jiki da tsayayyun kunnuwa, ya saba da zafinmu, ya fi jure cututtukanmu, tuwo da miya da ɗan ƙashi sun riƙe shi, kuma kunnensa a gadi ba ya da na biyu. Ga shi ba saye ake yi ba, balle a shiga saɓanin malamai a kan kuɗin kare. Karen bana shi ke maganin zomon bana.

Duk da haka ba ina kiran kowa ya fita ya tsinto kare ba ne, kuma a nan ina da magana da magidantan da nake goyon baya. Tausayi na minti biyar a bakin kwalbati ba ya riƙe dabbar da za ta iya shekara goma ko fiye a hannunka. In a gidan haya kake, tsakar gida ɗaya, rijiya ɗaya da mutum goma, to ba kai kaɗai ke da ta cewa ba. Fadikpe unguwa ce ta Bagwari da Banufe da Bahaushe da Bayarabe da Ibo, Musulmi da Kirista, kowa da yadda ya ɗauki kare. Haƙƙin maƙwabci yana gaba da sha'awarka. In uwargida ba ta yarda ba, ka haƙura, domin ita za a bar wa wanke kwano da share kashi ranar da ka yi tafiya. In abincin yaranka da ƙyar yake kaiwa ƙarshen wata, kada ka ƙaro baki. In niyyarka ka ɗaure shi da gajeriyar sarƙa a rana daga safe har dare don ya yi zafi, ka sani kana ƙera abin da zai yagi ɗan maƙwabci ne ranar da sarƙar ta tsinke. In kuma za ka riƙa sakinsa da dare ya je bola ya ci, to ba ka ɗauke shi daga titi ba, suna kawai ka sa masa. Irin waɗannan masu karnukan su ne asalin matsalar da Malam ke kuka da ita, kuma da a kansu ya yi rubutunsa da na sa hannu a ƙasa.

Wanda ya cika sharuɗɗan kuma, ga abin da ke kansa. Kada ya kai hannu ga babban karen da bai san tarihinsa ba, musamman mai dalalar da yawu, ko mai tangaɗi, ko mai cizon itace da duwatsu, ko wanda muƙamuƙinsa ya saki, ko wanda ya yi laushin da bai dace da karen titi ba. Wannan aikin ma'aikatan dabbobi ne. Ya fi aminci a ɗauki kwikwiyon da aka san uwarsa, aka ga lafiyarta. Kafin yara su fara wasa da shi, a kai shi wurin likitan dabbobi. A sani cewa allura ba ta warkar da karen da cutar ta riga ta shiga jikinsa, cutar kuma tana iya ɓoyewa wata biyu zuwa uku, wani lokaci fiye, don haka a keɓe shi iya tsawon da likita ya faɗa. Allurar haukan kare ana fara ta ne yana ɗan wata uku, a riƙa sabuntawa duk shekara, a kuma adana katin. Akwai allurar cutar amai da gudawar jini da ke kashe 'yan kwikwiyo, akwai maganin tsutsar ciki, da na kaska da ƙuma. A yi masa inuwa, da kwanonsa na ruwa da na abinci daban da na mutanen gida. A yi wa namiji fiɗiya, mace a yi mata aikin hana haihuwa. A koya wa yara kada su taɓa shi yana cin abinci ko yana barci, kada kuma su jefi na waje.

Tunda tsaron yara ne ya haɗa mu, bari in faɗi abin da rubutun Malam bai faɗa ba, alhali ya fi komai ceton rai. In kare ya ciji mutum ko ya yakushe shi, a wanke wurin nan take da sabulu da ruwa mai gudana na tsawon minti 15. Kada a shafa toka, ko barkono, ko gashin karen, kada kuma a ɗaure ciwon tamau. A garzaya asibiti a ranar, a nemi allurar cizon kare, a kuma cika adadinta, don a jere ake yin ta cikin kwanaki. In karen na gida ne, a tsare shi kwana goma ana lura da shi. In ya wuce kwanakin nan garau, alama ce ba ya ɗauke da cutar a yawunsa lokacin da ya yi cizon, likita ne kuma zai faɗi abin da za a yi da sauran alluran. In an kashe shi, kada a jefar da gawar a kwata ko a sayar wa masu fataucin karnuka. A sanar da ma'aikatan dabbobi, domin da ƙwaƙwalwarsa ake gwaji.

Kirana ga mai unguwa da limamai da fastocin Fadikpe shi ne su haɗu su nemi ma'aikatar da ke kula da dabbobi ta jiha ta kafa rumfar allura a unguwar sau ɗaya a shekara, a yi shela a masallatai da majami'u, a rubuta sunan kowane mai kare. Hukumar kare muhalli ta jiha da ƙaramar hukuma su taimaka da kwashe shara a kan kari, mu kuma mu daina zubar da ragowar abinci a bakin hanya. Duk wanda karensa ya yi cizo ba shi da katin allura, a sa shi ya biya kuɗin jinya gaba ɗaya. Mahaukacin kare kuwa a kira masana su kawar da shi ba tare da azaba ba.

Malam, alƙalaminka yana da masu saurare. Ina roƙonka ka janye kiran zuba guba kafin wani matashi ya ɗauke shi da gaske a wayi gari da abin da ba a so. Ka juya shi ga masu sakin karnukansu ba allura, da masu mayar da bakin titi juji. Wanda ya ɗauki karen titi ya cika haƙƙinsa ya yi wa unguwa aiki, wanda ba zai iya ba ya bar shi, babu laifi a kansa. Allah ya tsare mana 'ya'yanmu, ya sa mu fi ƙarfin zukatanmu.